Daga dakashi zuwa yaye: yadda za ki ciyar da jaririnki a shekara biyun farko

Ranar da aka haifi jariri, cikinsa ba ya ɗaukar abin da ya wuce cokalin shayi ɗaya da ɗan ɗori a sha guda. Zuwa ranar suna ya kusa girman ƙwan kaza. Ko ɗan shekara ɗaya mai tatata, rabin ledar ruwan nan ta sayarwa ya isa ya cika masa ciki dam. Da wannan ɗan wuri zai gina ƙashi da jini da ƙwaƙwalwa, a daidai lokacin da jikinsa ke girma da saurin da ba zai ƙara yin irinsa ba: wajen wata biyar ya ninka nauyin haihuwarsa, a shekara ɗaya ya ninka shi sau uku. Saboda haka duk abin da aka zuba masa, wurin wani abu ya tare. Kurɓin ruwa ya tare wurin nono, tsinkakken koko ya tare wurin abinci mai maiƙo. Ki riƙe wannan, domin kusan duk matakan da ke tafe a kansa suka tsaya.

Me ya sa ake ta nanata kwana dubu

Likitoci suna ƙirga kwana dubu daga shigar ciki zuwa ranar da yaro ya cika shekara biyu. Tsawon da ya rasa a wannan tsakani da wuya ya rama shi, komai cin da zai yi daga baya. Wannan ita ce tsumburewa. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya samu kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne. Abin ya yi yawa har ido ya saba da shi. Sai ka ga ɗan shekara huɗu kamar ɗan biyu, a ce ai gado ne, kakansa ma gajere ne.

Gajartar ita ce ake gani da ido, sauran ɓarnar a ɓoye take. A 1989 wani likita a Ingila, David Barker, ya bi tsofaffin takardun awon jarirai na lardin Hertfordshire, ya gano cewa waɗanda aka haifa ƙanana kuma suka kai shekara ɗaya ba nauyi sun fi mutuwa da ciwon zuciya bayan sun manyanta. A Gwatamala, tsakanin 1969 da 1977, an riƙa raba wa yaran ƙauyuka biyu wani kunu mai madara da furotin, wasu ƙauyuka biyu kuma aka ba su abin sha mai zaƙi kawai. Da aka koma bayan shekaru masu yawa, mazan da suka sha kunun kafin su cika shekara biyu suna samun ladan aiki da ya ɗara na sauran da kashi 46 cikin 100. Kunu ne fa, irin wanda kowace uwa za ta iya damawa.

Ta ɓangaren nono, a garin Pelotas na Barazil an bi jariran da aka haifa a 1982 har suka kai shekara 30. Waɗanda suka sha nono shekara ɗaya ko fiye sun zarce waɗanda ba su kai wata guda suna sha ba da kusan maki huɗu a gwajin kaifin basira, sun kuma fi su daɗewa a makaranta da kusan shekara guda. Sai dai ba duk abin da ake jingina wa nono ne ya tabbata daidai wa daida ba. Wani babban gwaji a Belarus, mai jarirai kusan 17,000, ya tabbatar da raguwar gudawa da ƙarin basira, amma bai ga bambanci a ƙiba ko hawan jini ba. Abin da babu jayayya a kansa shi ne tsare rai: mujallar likitoci ta Lancet ta ƙiyasta a 2016 cewa da shayarwa ta game duniya yadda ya kamata, da an tsirar da yara 823,000 kowace shekara, an kauce wa kusan rabin gudawar yara da sulusin ciwon huhu.

Mataki na ɗaya: awar farko

Tun kina zuwa awo ki gaya wa ungozoma ko ma'aikaciyar jinya cewa kina so a ɗora miki jaririn da zarar ya faɗo. A goge shi, a kwantar da shi tsirara a ƙirjinki, fata da fata, a lulluɓe ku da zane ɗaya. Wanka ya jira, gara ma ya kwana. A cikin awar nan jariri a farke yake, yana neman nono da kansa. Tsotsonsa kuma yana sa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu. A wani bincike da aka yi a karkarar Gana aka buga a 2006, an lissafa cewa kashi 22 cikin 100 na mutuwar jarirai a watan farko za a iya kauce masa da kowane jariri ya kama nono a awar farko. Wadda aka yi wa aiki ma, da ta farfaɗo a kawo mata shi, a taimaka mata ta riƙe.

Abin da zai fara fitowa shi ne dakashi, mai kauri, rawaya-rawaya, ɗan kaɗan. Shi ne wasu ke tatsewa su zubar, wai ƙazanta ce ko nonon bai nuna ba, a yi kwana biyu ko uku ana ba jariri ruwan ɗumi ko madarar akuya. Wannan asara ce babba. Dakashi cike yake da garkuwar da jikin uwa ya haɗa game da cututtukan gidan da jaririn zai zauna, yana shafe hanjinsa ta ciki, yana kuma tura baƙin kashin farko ya fita, abin da ke rage shawara. Ƙarancinsa daidai yake da cikin da zai karɓe shi. Gwajin nonon da ake yi a wasu wurare, a jefa tururuwa a ciki a ga ko za ta fita da rai, ba ya nuna komai sai ƙarfin tururuwar.

Game da tahniki, sunnar gogawa ce: a tauna ɗan dabino ya yi laushi, a goga a ganɗar jariri da yatsa mai tsabta. Ba cokali-cokali ake ba shi ba, kuma mai tari ko gyambon baki ya bar wa wani. Kada a musanya dabinon da zuma, dalilin yana nan tafe.

Mataki na biyu: kamun nono

Yawancin kukan "ba ni da ruwan nono" da tsagewar kan nono daga kamu suke. Ki zauna ki jingina bayanki. Ki juyo da jaririn gaba ɗayansa, cikinsa ya manne da naki, kunnensa da kafaɗarsa da ƙugunsa a miƙe, hancinsa saitin kan nono. Ki taɓa leɓensa na sama, ki jira ya wangale baki kamar mai hamma, sannan ki jawo shi gare ki. Ke ba za ki sunkuya ki kai masa ba.

Kamu ya yi kyau idan bakin a buɗe yake sosai, leɓen ƙasa ya juyo waje, haɓarsa ta taɓa nono, baƙin da ya kewaye kan nono kuma ya fi fitowa ta saman bakinsa. Za ki ga tsotso mai zurfi a hankali, ki ji haɗiya. In kina jin zafi, ki sa ƙaramin yatsanki a gefen bakinsa ki cire shi, ki sake. Kada ki daure, dauriyar ce ke kai ga tsagewa.

Ki ba shi duk lokacin da ya nema, dare da rana, aƙalla sau 8 zuwa 12 a kwana. Neman yana farawa da tsotsar hannu, motsa baki da juya kai. In ya kai ga tsala kuka an makara, sai an lallashe shi kafin ya kama. Ki bar shi ya gama da nono ɗaya ya saki da kansa kafin ki juya shi, domin na farkon shan ruwa-ruwa ne mai kashe ƙishi, na ƙarshen shi ne mai maiƙon da ke sa ƙiba. Mai jegon da ke jin kunyar ɗan fari a gaban surukai, a ba ta ɗaki ta keɓe. Kunyar ba laifi ba ce, amma kada ta zama dalilin da jariri zai yi awa huɗu bai sha ba.

Yadda za ki san yana ƙoshi: daga kwana na biyar yana jiƙa ƙunzugu aƙalla sau shida a kwana da fitsari marar duhu, kuma zuwa sati biyu ya maido da nauyin haihuwarsa. Ɗan raguwar nauyi a kwanakin farko kowane jariri yana yi.

Mataki na uku: wata shida, nono zalla

Nan ne ake yin rigimar. Binciken 2018 ɗin nan ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla, alhali kusan kowace uwa tana shayarwa. Yawanci ruwa ne ke ɓata lissafin. Kaka za ta ce, "Ke 'yar nan, a wannan zafin na bazara za ki hana ɗan mutum ruwa? Ba ki tsoron alhaki?" Tausayi ne ya sa ta faɗa, don haka amsar ma ta zo da ladabi: "Inna, ai nonon kansa kusan kashi 88 cikin 100 ruwa ne, kuma tatacce. Ni za ki riƙa ba ruwan, shi kuma in ƙara masa nono." An gwada wannan a ƙasashe masu tsananin zafi, jariran da ke shan nono zalla duk lokacin da suka nema ba su bushe ba. In maigida ne ya faɗa wa mahaifiyarsa da bakinsa, ko aka tafi da ita awo ta ji daga ma'aikaciya, maganar ta fi zama. Suruka ba ta cika karɓar gyara daga matar ɗanta ba, wannan kowa ya sani.

Ruwa yana cutarwa ta hanya uku. Ya cika ciki ba tare da ya ƙara komai ba. Ya rage tsotso, nono kuwa gwargwadon yadda aka zuƙe shi yake kawowa, sai ya fara ja baya, sai a ce ai ga shi nonon bai isa ba, a kawo koko. Na uku, ruwan randa ko na rijiya da babba zai sha lafiya yana iya saukar wa ɗan wata biyu da gudawa. Hukuncin ɗaya ne da ɗauri, jiƙe-jiƙe, man shanu, ruwan zafi na safe, da magungunan kumburin ciki na kanti. Rubutu ko zamzam, uwa ta sha, ko a shafa masa a ka. Abin da aka yarda ya shiga bakinsa bayan nono shi ne ɗigon rigakafi, maganin da likita ya rubuta, da ruwan ORS, wato haɗin gishiri da sukari, in yana gudawa.

Wajen sati na uku, na shida, da wata uku, jariri yakan yi kwana biyu ko uku kamar ba ya ƙoshi. Girma ne ya taso, yana yi wa nono odar ƙari. Ki ba shi, zai daidaita.

Ke kuma ki ci. Ki ƙara ɗan abinci sau biyu a kan na kullum, da wake, ƙwai, ganye, nono ko nama gwargwadon hali, ki sha ruwa duk sanda kika zauna shayarwa. Kunun kanwa a sassauta masa: kanwa gishiri ce, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shanta tare da wankan jego mai tsananin zafi da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Kumburin ƙafa da haki bayan haihuwa na asibiti ne a ranar.

In za ki koma aiki ko makaranta, ki fara koyon tatsa sati biyu kafin lokacin. Wanke hannu, ki sa babban yatsa a sama da baƙin nono, manuni a ƙasa, ki danna ciki wajen ƙirji sannan ki matse ki saki, kina zagayawa. Ki tatsa a kofi mai murfi da aka wanke aka ɗauraye da tafasasshen ruwa. A ɗaki mai sanyi yana kai awa huɗu, a firjin da wuta ba ta yankewa kwana huɗu. Mai reno ta ba shi da ƙaramin kofi, yana zaune a cinya, ta kai kofin leɓensa ya riƙa lasa da kansa. Fida wuyar wankewa gare ta, kuma tana sa wasu jariran su ƙi nono.

Inda nono ya gagara da gaske, kamar rasuwar uwa, madarar jarirai ta matakin farko ce mafita, ba madarar shayi ba, ba ta shanu ko akuya ba. A tafasa ruwa, kada ya wuce rabin awa yana hucewa, a auna garin daidai yadda aka rubuta a gwangwani, a huce kafin a ba shi, abin da ya rage bayan awa biyu a zubar. Babban haɗarin shi ne tsinka madara don gwangwani ya daɗe. Uwar da ke ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki kuwa, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ta riƙe shan maganinta ba fashi, ta ba da nono zalla wata shida, ta ci gaba da shayarwa aƙalla shekara guda.

Mataki na huɗu: cokalin farko

Da ya cika wata shida, nono kaɗai ya daina isarsa, musamman ta wajen sinadarin ƙarfe mai gina jini, wanda ajiyar da ya zo da ita daga ciki take ƙarewa a wannan lokaci. Za ki ga yana zama in an tallafe shi, wuyansa ya tsaya, yana bin loma da ido. Jinkiri a nan illa ne kamar yadda gaggawa take illa: yaron da aka bari sai wata tara ko goma yakan yi ƙarancin jini, ya kuma yi wuyar karɓar abinci.

A ganina, a wannan mataki ne aka fi yi wa yaranmu asara, kuma sunan asarar koko. An jiƙa gero, an niƙa, an tace, an zubar da dusa, an dama gasarar da ruwa mai yawa har tana zuba kamar shayi, an zuba sukari. Yaro ya sha ya cika ciki, uwa ta ga ya ƙoshi, alhali yawancin abin da ya sha ruwa ne. Gwajin mai sauƙi ne: ɗebi kunun a cokali ki karkata. In ya zube nan take, ya yi ruwa. Ya kamata ya tsaya, ya sauko a hankali.

Ga haɗin da ake koya wa iyaye mata a shirye-shiryen yaƙi da tamowa a Arewa maso Gabas, wanda ake kira Tom Brown. Awo shida na hatsi, gero ko dawa ko masara ko a gauraya. Awo uku na waken suya. Awo ɗaya na gyaɗa. Gwangwanin madara ya isa ma'auni. Ki tsince kowanne, ki wanke. Waken suya ki jiƙa shi ya kwana, ki murje ɓawon, ki shanya ya bushe sosai. Ki soya kowanne daban a tukunya ba mai, a wuta kaɗan, har ya yi ƙamshi ya ɗan sauya launi. Waken suya ya fi bukatar haƙuri, don in bai soyu ba yana kumbura ciki. Ki haɗa a niƙa, ki tankaɗe, ki zuba a roba mai murfi. Ki yi na sati biyu kawai, saboda man gyaɗar yana sa shi wari. Wajen damu, ki kwaɓa da ruwan sanyi, ki zuba a tafasasshen ruwa, ki juya kamar minti goma, ki sauke ki sa cokalin shayi na manja ko man gyaɗa.

Tsintar gyaɗa da masara kada ki yi ta da wasa. Duk ƙwayar da ta yanƙwane, ta yi baƙi ko funfuna, ki jefar. Funfunar tana haifar da dafin afalatoksin, wanda wuta ba ta kashewa, yana lalata hanta a hankali, kuma bincike a Benin da Togo ya danganta shi da tsumburewar yara. Ita kanta gyaɗar kada ki ji tsoronta: gwajin da aka yi a Landan aka buga a 2015 ya nuna fara ba jarirai ita da wuri ya rage borin jinin gyaɗa da kusan kashi 80 cikin 100. Niƙaƙƙiya dai, ba ƙwaya ba, don ƙwayar tana shaƙe yaro. In kika ga kumburin fuska, ƙuraje ko wahalar numfashi bayan wani sabon abinci, ki garzaya asibiti.

Adadi kuwa, ki ɗauki kofin da ke cin rabin ledar ruwa, wato mililita 250. Daga wata 6 zuwa 8, sau biyu ko uku a rana, ki fara da cokalin cin abinci biyu ko uku, ki riƙa ƙarawa har rabin kofi. Daga wata 9 zuwa 11, sau uku ko huɗu, rabin kofi, abincin a daddage ko a yayyanka ƙanana yadda zai ɗauka da hannunsa. Daga shekara ɗaya zuwa biyu, sau uku ko huɗu, kusan cikin kofi, daga tukunyar gida. A tsakani a ba shi ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu: ayaba, gwanda, mangwaro, dafaffen dankali, ƙosai. Nono yana nan bai tsaya ba.

Kunu, ko mai kyau ne, ba ya wadatarwa shi kaɗai. Ma'aikatan lafiya sun kasa abincin yara gida takwas: nonon uwa, hatsi da su doya da dankali, wake da gyaɗa da riɗi, madara da kindirmo, nama da kifi da hanta, ƙwai, ganyaye da kayan marmari masu launin ja ko rawaya irin su zogale, alayyahu, kabewa, karas da mangwaro, sai sauran kayan lambu. Ana so kullum ya taɓa biyar. Ba sai da kuɗi mai yawa ba: nono, kunun nan mai hatsi da wake, garin busasshen kifi cokali ɗaya, da faten kabewa, an kai biyar. Hanta dafaffiya a murje, ko sau ɗaya a sati, ba abin da ya kai ta gyara jini. Ƙwai kuwa, a dafa shi ya dahu sosai a ba shi har da farin. Zancen wai ƙwai yana sa yaro sata ko jinkirin magana, ban ga wanda ya amfana da shi ba sai manyan gidan da ke cinye ƙwan.

Ki zuba masa a kwanonsa daban. In aka haɗa shi da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun sharce kwano, kuma ba za ki san abin da ya ci ba. Ki zauna gabansa, ki yi masa hira, ki jira ya buɗe baki. Sabon abinci yakan tofar har sau takwas ko goma kafin ya karɓa. Ɗura kuwa, a danne yaro a toshe hanci a kwarara masa kunu, a daina ta kwata-kwata: kunun yana faɗawa huhu, kuma an sha rasa yara ta haka. Wanke hannunki da nasa da sabulu kafin ci, abin da ya wuce awa biyu a ajiye a sake tafasa shi, ruwan shansa kuma, wanda yanzu ya halatta, a tafasa a ba shi a kofi.

Mataki na biyar: abin da za a jinkirta

Zuma sai ya cika shekara. Tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjin babba ke kashewa amma na jariri ba ya iyawa, ta saki jijiyoyinsa ya kasa tsotso, har numfashi ya gagara. Shayi yana hana jiki zuƙar sinadarin ƙarfe. Lemon kwalba, alawa, biskit da ƙarin sukari a bari sai bayan shekara biyu. Suna cinye haƙoran farko, suna kashe sha'awar abinci, harshen da aka saba wa zaƙi da gishiri tun yana goye kuma da shi zai girma, ga ciwon sukari da hawan jini sun yi yawa a garuruwanmu. Ki ɗebi nasa kafin ki sa dunƙule da yaji a miya. Nonon shanu ɗanye a tafasa shi tukuna.

Mataki na shida: ciwo da awo

Yaro marar lafiya a ƙara masa nono, a riƙa ba shi abinci kaɗan-kaɗan, kada a dakatar. In gudawa ce, ORS bayan kowane zawo, da ƙwayar zinki kullum har kwana 10 zuwa 14, rabi ga wanda bai kai wata shida ba. Kada a zauna a ce haƙori ne. Faɗawar maɗiga da ido, kasa shan nono, amai ba tsayawa, jini a kashi, numfashi da sauri ko suma, duk na asibiti ne nan take. Bayan ya warke a ƙara masa ci ɗaya a rana har sati biyu ya rama.

Ki kai shi awo duk wata, ki dubi layin katin da idonki: ya riƙa hawa. In ya kwanta wata biyu a jere, akwai magana. Daga wata shida a karɓi ɗigon bitamin A duk bayan wata shida. Ki nemi a koya miki awon damtse da ɗan tef ɗin nan mai launi uku. Kore lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa, ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, haka ma kumburin ƙafafu biyu. Haɗin gyaɗar nan na leda da ake bayarwa a asibiti magani ne na yaron da aka rubuta wa shi kaɗai, ba na rabawa da 'yan'uwa ba, ba na kai wa kasuwa ba.

Mataki na bakwai: yaye

Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa, likitoci ma shekara biyu ko fiye suke cewa. A shekara ta biyu nono yana ba yaro kusan sulusin ƙarfin da yake bukata, kuma ranar da ciwo ya hana shi cin komai, shi kaɗai yake karɓa.

Yayen da muka gada na rana ɗaya ne: a shafa maɗaci a nono, a ɗauki yaro a kai gidan kaka. A yini guda ya rasa nono, ya rasa uwa, ya rasa ɗakin da ya sani, sai ya yi zuciya ya ƙi abinci. Abin ya fi muni in kwanika ce, aka cire shi da gaggawa don kada ya sha ciki. Nonon mai ciki ba guba ba ne. Mai lafiyayyen ciki tana iya ci gaba da shayarwa in ta ƙara cin abinci, sai fa in tana zubar jini, ko ta taɓa haihuwar bakwaini, ko likita ya hana. Abin da ke kumbura yaron ana cewa ya sha ciki, yunwar da ta biyo bayan cire shi ce. Sunan kwashiyoko ma, wato tamowar da ke kumbura yaro, daga harshen Ga na Gana ya fito, inda likita Cicely Williams ta bayyana ciwon a shekarun 1930, ma'anarsa ciwon yaron da aka ture saboda ƙani ya zo.

Ki ɗauki wata ɗaya ko biyu kina yi. Ki fara sauke shan tsakar rana, ki maye shi da abinci da wasa. Bayan kwana huɗu ko biyar ki sauke wani. Na dare da na kwanciya barci su ne na ƙarshe, a nan uba ko kaka za su taimaka da goyo da lallashi, a cikin gidan da ya saba. In nono ya cika ya yi tauri, ki tatse kaɗan don ki ji sauƙi, kada ki ƙarar. Kada ki fara yaye yana ciwo, ko bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko gudawa ba, ko ana tsakiyar zafin bazara, ko kuna shirin tafiya. Bayan ya saki, ki tabbata kullum yana samun kofin madara ko kindirmo mai tsabta, ci huɗu da abin taɓawa biyu, sannan ki kai shi awo bayan wata guda ki ga ko layin katin yana hawa.